Tirelar walda a bayan motar gida, mai birki a bayan Hilux, ko hayar Kanta: wacce za ta ɗauki kayanka?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dakon kaya a Kano bai sake sauka ba. Mai gidan burodin da ke ɗauko fulawa a Singa, da mai kiwon kajin da ke sayen masara a Dawanau, da mai ba da hayar rumfuna da kujerun biki, duk lissafi ɗaya suke yi: ga mota a gida, me zai hana a sa mai walda ya haɗa 'yar ƙaramar tirela a riƙa maƙala mata a baya, a huta da biyan haya? Masu ɗan ƙarfi kuma idonsu na kan tirela mai birki ta shigowa, wadda za a ja da Hilux. Akwai kuma wanda ya ce shi dai a bar wa motar dako ta haya, wato Kanta, aikinta. Kowacce a cikin ukun tana da inda ta dace, kuma kilo ne ke raba gardamar.

Kafin ka duba mota, fara da kayan. Buhun siminti kilo 50 ne, haka buhun taki, haka na shinkafa. Buhun masara irin na Dawanau yana kai kilo 100. Litar ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 1,000 tan guda ne cif tun ba a sa nauyin tankin ba. Ledar fiya wata mai ƙulli 20 kilo 10 ce, leda ɗari ta zama tan. Yashi ya fi su duka yaudarar ido: ramin da ya kai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, idan ka cika shi da busasshen yashi, ka zuba kusan tan ɗaya da rabi. Kujerun roba kuwa sai ka jera su har sama ba su kai nauyin buhu uku ba. Wanda kayansa kujeru ne da wanda kayansa hatsi ne, ko da bodin tirelarsu iri ɗaya ne, ba aiki ɗaya suke nema ba.

Sai lambobin da ke jikin motar. Yawancin motocin da ke yawo a Kano ko dai 'yan Turai ne, waɗanda muke ce wa Beljiyam, ko 'yan Amurka da Kanada, kuma kowanne da yadda yake rubuta iyakarsa. A motar Turai, irin su Golf da Sharan, nemi wani ɗan faranti ko takarda a ƙarƙashin murfin inji ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Sau da yawa ƙura da baƙin mai sun rufe shi, sai ka sa tsumma ka goge. A ƙasan lambar shasi za ka ga lambobi huɗu a jere. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, har direba da mai a tanki. Ta biyu iyakar mota da tirela ce a haɗe. Ta uku, mai alamar 1 a gabanta, abin da aksil ɗin gaba zai ɗauka ne, ta huɗu mai alamar 2 kuma na baya. A ɗauka ka ga 1,780 a sama, 3,080 a ƙasanta. Ɗebe ta farko daga ta biyu, saura 1,300. Wannan shi ne kimanin nauyin tirelar da motar za ta ja, amma da sharaɗin tirelar tana da birkinta.

'Yar Amurka kuma takardarta na jikin ginshiƙin ƙofar direba. GVWR shi ne iyakar nauyin motar da lodinta, GAWR na kowane aksil, sannan wata takardar ta tayoyi tana faɗin jimillar nauyin mutane da kaya da aka yarda a zuba a ciki. Nauyin ja ba ya nan, yana cikin littafin motar, wanda galibi ya ɓace tun a tashar jirgin ruwa, amma ana samunsa a intanet idan ka sa sunan motar da shekararta. A nan a yi hattara da ma'auni. Amurkawa da laba suke awo, wadda ake rubutawa lbs, kuma laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba, giram 454 ce. Sienna da aka ce tana jan 3,500, laba ake nufi, wato kilo 1,590 ko kusa da haka, kuma sai wadda aka haɗa mata kayan ja tun daga kamfani. Wanda ya ɗauka kilo ne ya ninka wa motarsa kaya fiye da sau biyu.

To, mu ɗauki zaɓi na farko, tirelar walda mara birki a bayan motar gida. Ita ce mafi araha, ita ce mafi saurin samuwa, kuma duk abin da ya lalace a jikinta akwai shi a Ƙofar Ruwa. Yadda ake haɗa ta sananne ne: a yanko aksil ɗin bayan wata matacciyar mota, a ɗora sifirin, a gina bodi da ƙarfe, a sa tayoyin Beljiyam guda biyu. Tambayi mai haɗa ta, “Maigida, kilo nawa za ta ɗauka?” Amsar da za ka ji ba ta wuce, “Alhaji, ko tan biyu ka zuba mata ba abin da zai same ta, dubi kaurin ƙarfen nan.” Kuma ba ƙarya ya yi ba, ƙarfen zai ɗauka. Abin da bai amsa ba shi ne wa zai tsayar da tan biyun a gangaren gadar Ƙofar Nasarawa idan mai a-daidaita-sahu ya ci birki a gabanka don ya ga fasinja.

Tirelar da ba ta da birki, birkin motarka ne ke tsayar da ita, shi kuwa an yi shi ne daidai nauyin motar da lodinta. A dokar Turai, irin wannan tirela ba ta wuce kilo 750 da ita da kayanta, kuma ba ta wuce rabin nauyin motar da ke janta ba. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikin biyun shi ake bi. Motar da nauyinta kilo 1,200 ne ba komai a ciki, iyakarta 600 ke nan. Kamfanin Toyota a littattafan motocinsa na Amurka ya ma fi tsanani: tirela ta wuce laba 1,000, kimanin kilo 450, dole ta zama mai birki. Yanzu cire nauyin tirelar kanta. Masu waldarmu ba sa rowar ƙarfe, don mai saye da ido yake auna ƙarfi, saboda haka a ɗauka ta kai kilo 250 ba komai a kanta. A lissafin 750, saura 500: buhun siminti goma, ko masara buhu biyar. A lissafin Toyota, saura 200, masara buhu biyu. Mai Sienna da ya ga 1,590 a littafi ya fara murna, ga inda lissafinsa ya tsaya. Duk wanda ya taɓa ganin mai kurar ruwa a gangara, jarkoki cike, kurar na jansa yana turjewa da dugadugai, ya ga abin da motar gida ke fama da shi idan an wuce wannan iyaka, sai dai ita daga baya ake tura ta.

Tayoyin ma suna da tasu maganar. A gefen kowace taya, bayan lambar girmanta, akwai lamba mai nuna nauyin da za ta ɗauka. Tayar da aka rubuta wa 175/70 R13 82, wannan 82 ɗin kilo 475 ne. Mai 91 kilo 615 ce, mai 100 kilo 800. Tayoyi biyu masu 82 sun ba ka 950, amma lokacin da suke sababbi, cike da iska yadda ya kamata. Ta Beljiyam da ta shekara takwas ta sha faci biyu ba ta cikin wannan lissafi. Duba lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Idan har za ka yi tirelar walda, gara ka ƙara kuɗi ka sa tayoyin bas masu harafin C, irin 195 R14C 106/104, wadda kowacce ke ɗaukar kilo 950. Kwaltar Kano a watan Afrilu, rana na neman digiri 40, ba ta yi wa tsohuwar taya mai obalodi uzuri.

Wurin da na fi jin tsoro a wannan zaɓi shi ne inda ake maƙala ƙugiyar. Golf da Sharan da Sienna da Corolla ba su da shasi daban irin na akori-kura. Jikin motar ne gaba ɗaya ke riƙe kansa, kuma ƙarfen ƙasan but ɗinsu bai fi kaurin faranti ba. Kamfani ya tanadi wasu ramuka na musamman inda ake ɗaure ƙarfen ja da noti. Wanda ya kama walda a jikin bamba ko a gindin but ya maƙala tan guda ne a wurin da ba a yi don ja ba, kuma ramukan titi za su riƙa tsaga shi a hankali ba tare da ka gani ba. Ƙarfen ja na kamfani yana zuwa da tasa lambar a jiki. A tsarin Amurka, aji na ɗaya laba 2,000 ne, na biyu 3,500. Akwai kuma wani ƙaramin tarko: ƙwallon ƙarfen da tirela ke hawa, na Turai milimita 50 ne, na Amurka da aka fi sani inci 2 ne, wato milimita 50.8, akwai kuma ƙarami mai inci ɗaya da bakwai bisa takwas. A ido duk ɗaya suke. Bakin tirela babba a kan ƙwallo ƙarami zai zauna lafiya a gareji, ya fice a rami na farko. Shi ya sa ake sa sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashin wuyan tirela, don in ta kuɓuce ta faɗa kansu maimakon ta caki kwalta.

Duk da haka ban ce a guje ta ba. Ga mai kujeru da rumfuna, mai kayan sauti, mai ɗaukar katifu ko kwalayen da ba su da nauyi, mai kai ƙaramin janareta wurin aiki, babu abin da ya fi ta. Kaya ne masu cin wuri, ba masu nauyi ba, kuma tafiyar cikin gari ce.

Zaɓi na biyu, tirela mai birki a bayan Hilux ko makamanciyarta, shi ne na mai kaya masu nauyi na kullum. Birkin iri biyu ne. Na Turai ba ya buƙatar wuta: idan mota ta rage gudu, tirelar na turo wuyanta gaba, wannan turin ne ke jan waya ya kama birkin tayoyinta. Na Amurka galibi na lantarki ne, sai an sa wata na'ura a cikin motar da za ta riƙa aika masa wuta, in babu ita birkin ado ne kawai. A Kano ni na Turai zan zaɓa, don waya ce da sifirin da takalmin birki, abubuwan da kowane bakanike zai buɗe ya gane. Ka tabbata akwai 'yar siririyar wayar nan da ake maƙalawa a jikin mota, wadda ke kama birki da kanta idan tirelar ta ɓalle.

Ana yawan cewa Hilux tan uku da rabi take ja. Gaskiya ne ga wasu daga cikin masu dizal na samfurin da ya fito daga 2015, amma ba duka ba. Samfurin da ya gabace shi, da masu injin fetur 2.7 da suka fi yawa a wurinmu, ƙasa da haka suke, wajen tan biyu da rabi ko ƙasa, ya danganta da ƙasar da aka yi wa motar. Kuma ko wacce iri ce, in tirelar ba birki, 750 ɗin nan dai ita ce iyaka. Hilux ba ta canza wannan.

Inda masu Hilux ke faɗawa shi ne nauyin da wuyan tirela ke saukewa a kan motar, domin shi ma lodi ne, daga kason motar ake cire shi. A ɗauka takardar motarka ta nuna za ta ɗauki kilo 900 tsakanin mutane da kaya. Ka ɗauki ma'aikata, ku biyar, kowa kilo 75: 375 sun tafi. Ƙarfen kariya na gaba da kejin da aka gina a baya, a ce 100. Tirela mai tan biyu da rabi, in kashi goma cikin ɗari na nauyinta ya sauka a ƙugiya, 250 ke nan. Saura 175 kacal a bodin motar, buhun siminti uku da ɗan canji. Amma me ake gani a hanyar Zariya? Bodi cike, tirela cike, yara biyu a sama. Ƙari a kan haka, ƙugiyar tana bayan tayoyin baya ne, saboda haka kilo 250 ɗin nan yana danna aksil ɗin baya da fiye da 250, yana kuma ɗaga gaban motar. Alamarsa ita ce sitiyari ya yi sakayau a hannu, fitilu su koma haska saman bishiya, masu tahowa su yi ta yi maka fitila. A akori-kura da yawa, in ka haɗa iyakar motar da iyakar tirela, jimillar ta fi abin da kamfani ya yarda su kai a haɗe, wato ba a cika duka biyun a tafiya ɗaya.

Aksil ɗaya ko biyu? Mai biyu ta fi natsuwa a hanya, kuma in taya ɗaya ta fashe akwai uku da za su riƙe ta har ka gangara gefe. Kuɗinta shi ne tayoyi huɗu, boris huɗu, da wuyar juyawa: ba a tura ta da hannu a lungu. Mai shiga unguwannin cikin badala da kaya ya yi tunani sau biyu. Mai zirga-zirga tsakanin gona da gari da tan ɗaya da rabi zuwa sama kuwa, mai biyun ce tasa.

Kaya iri biyu suna buƙatar ragi a kan duk lissafin nan. Ruwa a tankin da bai cika ba yana gudu gaba da baya, kana taka birki ya bugo ka daga baya, don haka ko a cika tankin fal ko a bar shi fanko. Dabba kuma tana motsi. Bijimin da aka sayo a kasuwar Wudil, in ya matsa gefe ɗaya a kan kwana, ya tafi da tirelar. A ɗaure shi gajere, a raba bodin da katanga, kada a kai iyakar nauyi.

Ko wacce tirela ka zaɓa a cikin biyun, yadda aka jera kayan yana iya ɓata lissafin da ya yi daidai. Kimanin kashi 60 cikin ɗari na nauyin ya kasance gaban aksil, masu nauyi a ƙasa, a ɗaure tamau. 'Yan dako sun fi son jibgewa a baya don nan ne kusa da hannu, sai ka tsaya a kansu. Amurkawa na son kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirela ya sauka a ƙugiya; Turawan Turai na barin ƙasa da haka, kuma ƙananan motocinsu da yawa ba a yarda ƙugiyarsu ta ɗauki fiye da kilo 75 ko kusa da haka ba. Bi abin da ke rubuce a ƙarfen motarka. Ga ƙaramar tirela, sikelin awon mutum ya isa: ɗora guntun katako a tsaye a kansa, daidai tsayin ƙugiyar, ka sauke wuyan tirelar a kai ka karanta. In wuyan ya yi sauƙin da yaro zai ɗaga shi da hannu ɗaya alhali tirelar na cike, kayan sun yi baya. Irin wannan ce ke fara lilo da zarar gudu ya ƙaru ko babbar mota ta wuce ta da iska. In ta fara, ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka danna birki da ƙarfi, kada kuma ka ƙara wuta wai don ta miƙe.

Gudu kansa lissafi ne. Ninka gudu sau biyu, aikin da birki zai yi ya ninku sau huɗu; daga kilomita 60 zuwa 80 kawai ya kusa ninkawa. Littafin dokokin hanya na Najeriya ya ba manyan tireloli da tankoki kilomita 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya, kuma ban ga dalilin da mai tirelar walda zai ɗauka ya fi su birki ba. A sa mata fitilar birki da sigina masu aiki da abin ƙyalli a baya, a kai ta ofishin VIO a duba, tun kafin 'yan KAROTA ko jami'an kiyaye haɗurra su tuna maka a bakin titi. Mai giya otomatik ya sani cewa ja a cunkoso, tsaya-tafi daga Kurna zuwa Bata da tsakar rana, yana dafa man giya, kuma gyaran giyar Sienna zai iya cinye duk abin da tirelar ta tara maka.

Na uku ba ya buƙatar dogon bayani. Kanta da Dyna an gina su ne don kaya su zauna a kan shasi, tayoyin baya bibbiyu, birki daidai lodi, kuma suna kwashe tan biyu zuwa uku a sawu ɗaya. Ba ka sayen taya, ba ka neman wurin ajiya, ba ka koyon ribas da tirela a ƙofar Dawanau mutane na kallo. Aibinta shi ne jira, da farashin da ke tashi ranar da kowa ke nema, musamman da kaka da gab da Sallah. Su ma ana yi musu obalodi, kuma in kai ne mai kayan kana da bakin cewa a rage.

Ga yadda zan yanke. In kayanka ba sa wuce kilo 400 zuwa 500, ba sa kuma wuce iyakar motarka, kuma masu cin wuri ne, yi tirelar walda, amma ka kashe kuɗin a ƙarfen ja na kamfani da tayoyi masu C, ka ce wa mai walda ya rage kaurin bodi. In kana da Hilux, kana ɗaukar tan ɗaya zuwa biyu kusan kowane mako, mai birki za ta biya kanta, muddin ka bar bodin motar kusan fanko ranar da take cike. In kuwa hatsi ne ko siminti ko yashi, buhu ashirin zuwa sama, sau ɗaya ko biyu a wata, kira mai Kanta. Mai motar gida da ke son jan masara buhu goma ba ya cikin kowane rukuni da tirela za ta yi masa amfani.

Wanda ya riga ya mallaki tirela kuma bai san nauyinta ba, kamfanonin shinkafa da masu sayen riɗi da yawa suna da sikelin da manyan motoci ke hawa. Nemi alfarma ko ka biya ɗan abin da suka ce, ka auna sau biyu: tirelar ita kaɗai ba kaya, sannan mota da tirela da lodin da ka saba yi, da mutanen da ka saba ɗauka. Rubuta nauyin fankon da fenti a wuyan tirelar, kusa da shi ka rubuta adadin buhunan da suka rage, yadda yaron da zai yi lodi ranar da ba ka nan zai gani.